Tambayoyin Masu Karatu: Shiga Rairayin Bakin Teku da Mota Lokacin da Ƙafa ta Ɗauke

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso mana a wannan wata sun haɗu a kan magana ɗaya, wato fita shan iska bakin teku tare da abokai a lokacin da ba na biki ba, don haka na haɗa su wuri guda. Ta farko ce ta fi buƙatar dogon bayani, domin a cikin irin tafiyar da ta ambata ne ake rasa mota, wani lokaci har da rai.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu shida ne abokai, dukkanmu 'yan kasuwa ne a Agege da Idi-Araba cikin Legas. Ɗayanmu ya sayi jif, muna so mu ɗauki abinci mu shiga da ita cikin rairayin bakin teku ta wajen Ibeju-Lekki, mu yi nisa da jama'a, mu gasa nama mu wuni a can. Mun zaɓi watan Yuli saboda a Disamba da lokutan Sallah wurin ba ya shiguwa don cunkoso. Mun ga a bidiyo yadda ake gudu da mota a gefen ruwa a ƙasashen waje, abin ya ba mu sha'awa. Ni ne zan tuƙa, kuma na saba da yashi, domin a ƙasar Nguru na tashi, na daɗe ina tuƙi a hanyoyin ƙauyukanmu. Me ya kamata mu tanada? Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba zan ce ku fasa ba, domin mutumin da ya shafe shekara tsakanin shago da cunkoson titunan Legas ya cancanci ya samu yini guda inda iska ke kaɗawa, ya zauna da abokansa ba tare da hayaniya ba. Sai dai akwai magana ɗaya a wasiƙarka da ta tsaya mini a rai, wadda ka ce ka saba da yashi. Na yarda ka saba, kuma sanin zai amfane ka, amma yashin Nguru yana da haƙuri. Idan mota ta kafe a can, za ka sauka ka nemi inuwa, ko da kwana ka yi za ka dawo ka same ta inda ka bar ta. Yashin bakin teku ba ya jiran kowa, saboda ruwa yana tafe a kan lokacinsa, ko ka fitar da motar ko ba ka fitar ba.

Teku yana cikowa ya janye sau biyu a cikin kimanin awa 24 da minti 50, wato tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai awa 6 da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Idan yau ruwa ya kai ƙarshen janyewa da ƙarfe 10 na safe, gobe sai wajen ƙarfe 10 da minti 50. Wata ne babban mai jan ruwan, rana tana taya shi, kuma mu da muke bin lissafin watan Musulunci muna da sauƙin gane wannan: a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata, ruwa yakan ciko fiye da kullum ya kuma janye fiye da kullum, alhali wajen 7 da 22 ga wata bambancin yakan ragu. Ƙa'idar da masu wannan tuƙi suke bi ita ce a shiga cikin awa biyu kafin ƙarshen janyewa, a fito kafin awa biyu su cika bayansa. Jadawalin cikowar ruwan Legas yana nan a intanet, kuma kowane masunci na wurin ya san shi ba tare da waya ba.

A gaɓar Legas bambancin tsakanin cika da janyewa bai cika wuce mita ɗaya ba, wanda hakan kan sa baƙo ya raina shi. Abin da ya fi haɗari a nan shi ne igiyar ruwa. Daga wajen Yuni zuwa Satumba ana hunturu a kudancin duniya, guguwar da ake yi can nesa a kudancin Tekun Atlantika tana turo manyan igiyoyi waɗanda suke tafiyar dubban kilomita kafin su faɗo a gaɓarmu, shi ya sa za ka ga sama garau babu hadari amma teku yana ruri. A watan Agustan 2012 ne tumbatsar teku ta afka wa gaɓar Kuramo, aka yi asarar rayuka, kuma waɗanda suka daɗe a Legas suna tuna yadda ruwan Bar Beach yake hawowa har kan titin Ahmadu Bello kafin a cike wurin a gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ƙafar da ta ɗauke a watan Yuli tana da dalilinta. Tare da masu yawon, masu ceto da masu dawaki da masu sayar da kwakwa su ma sukan ragu, wato hannuwan da za su tura muku mota idan ta kafe ba sa nan.

Game da bidiyon da kuka gani, irin waɗannan hotuna sukan fito ne daga wurare kamar tsibirin K'gari na Ostareliya, wanda a da ake kira Fraser, inda gaɓar gabas shimfiɗaɗɗiya ce, yashinta mai laushi yana daskarewa idan ya jiƙe, har hukuma ta ɗauke ta a matsayin titi mai dokar gudu ta kilomita 80 a awa, ƙananan jiragen sama ma suna sauka a kanta. A nahiyarmu ma, kafin a kammala kwalta tsakanin Nuwadibu da Nuwakshot a Muritaniya, matafiya sukan bi bakin teku daga ƙauyen Nouamghar zuwa babban birnin, tafiyar kilomita 150 ko fiye, amma sukan zauna su jira janyewar ruwa tukuna, kuma da ɗan jagora suke tafiya. Gaɓarmu ba haka take ba. Daga Badagry har gabashin Lekki, mafi yawanta tana da gangare mai tsauri, yashinta garas-garas ne, kuma ko ya jiƙe ba ya riƙe nauyi sosai. Motar da ke tafiya a karkace a kan irin wannan gangare kullum tana zamewa ne ta nufi ruwa, idan kuma direba ya fizgi sitiyari da gudu tana iya kifewa.

Kafin komai, ku tabbatar motar da kuke kira jif tana ja da ƙafa huɗu. Da yawa daga cikin manyan motocin da ake shigowa da su ƙasar nan girman jiki kawai gare su, tayoyi biyu ne suke ja. Ku duba ko akwai ƙaramar giya ko maɓalli mai alamar 4H da 4L, wato jan ƙafa huɗu na tafiya da kuma na ƙarfi a hankali, ku sa bakanike ya ɗaga motar ya tabbatar yana shiga, domin sau da yawa akan samu an shekara ba a taɓa shi ba har ya ƙi aiki. Motocin da cikinsu yake kusa da ƙasa, ko da suna rarraba ƙarfi ga tayoyi huɗu da kansu, ba na wannan aiki ba ne. A yashi mai ɗan ƙarfi 4H ya isa, a mai zurfi ko wajen fita daga kafewa sai 4L, kuma idan motar tana da na'urar nan da ke rage ƙarfin inji da zarar taya ta fara sulɓi, a kashe ta, saboda a cikin yashi ita ce za ta tsayar da ku a daidai inda kuke buƙatar ƙarfi.

Sirrin aikin yana cikin iskar taya, kuma wannan ka san shi, kamar yadda direbobin hanyar Agadas zuwa Dirku suka san shi. Tafin raƙumi yana bajewa ne idan ya taka, shi ya sa ba ya nutsewa inda kofaton doki yake nutsewa. Tayar da aka cika da iska 32 zuwa 35 a gejin mai faci tana yanka yashi kamar wuƙa, amma idan aka sauke ta zuwa 18 ko 20 sai sawunta ya ƙara tsawo, nauyin motar ya rarrabu, ta hau kan yashin maimakon ta tona shi. A sauke duka huɗun daidai da juna, da geji, kuma tun a bakin shiga, kada a jira sai an kafe. Taya mai ƙarancin iska ba ta son gudu da karya kwana da ƙarfi, domin tana iya saɓulewa daga wili, don haka kada ku wuce kilomita 30 a awa, kuma ku tafi da famfon da ake jonawa a batirin mota, saboda idan aka hau kwalta da irin wannan taya takan yi zafi ta lalace. A taka totur a hankali, a riƙe tafiya ɗaya ba tare da fizga ba, idan za a tsaya a bar motar ta tsaya da kanta, domin birki mai ƙarfi yana tara tudun yashi a gaban taya wanda zai hana tashi.

Wannan ba labari aka ba ni ba. Shekarun baya, wata Asabar cikin damina, mun shiga wata gaɓa da ke gabas da Lekki da mota ɗaya tak, wajen la'asar ta kafe a ƙasan layin da ruwa ke kaiwa. Mai tuƙin ya ci gaba da ba ta wuta har cikinta ya zauna daram a kan yashi, tayoyin suna juyawa a banza. Ba a jima ba igiya ta fara lasar tayoyin baya, kuma duk lokacin da ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashinsu, kamar dai yadda ƙafar mutum ke nutsewa idan ya tsaya a bakin ruwa, har muna kallo motar ta fara karkata. Allah Ya kawo masunta suna dawowa daga jan taru. Wani dattijo a cikinsu bai ce mana uffan ba, ya durƙusa ya sa ƙusa ya danne bakin kowace taya yana sauraron fitar iskar, matasansa suka tone yashin da ke ƙarƙashin motar da hannu da filafilin kwalekwale, suka shimfiɗa rassan kwakwa da katako biyu, sannan ya yi wa direban alama da hannu ya ja baya a hankali a kan sawun da ya shigo. Bayan mun fita da kamar rabin awa, gurbin da motar ta zauna ya ɓace a ƙarƙashin kumfa.

Abin da dattijon ya yi shi ne dukan ilimin fita daga kafewa. Da zarar ka ji motar ta daina gaba, ka ɗaga ƙafa daga totur nan take, ka gwada komawa baya a kan sawunka. Idan ta ƙi, a ƙara rage iska zuwa 15, ko 12 don fita kawai, a sauke mutane da kaya, a tone har sai an ga haske a ƙarƙashin motar. Don haka shebur mai dogon ƙota wajibi ne, da katakai biyu masu kauri, da wani faffaɗan katako da za a ɗora jak a kai don kada ya nutse, da igiyar ja mai inganci. Ina roƙonku da babbar murya kada ku ɗaura igiya a ƙwallon ƙarfen nan na bayan mota da ake jan tirela da shi, ko a bamba, domin idan aka fizga yakan tsinke ya taho kamar harsashi, kuma ya kashe mutane a ƙasashe da dama. A ɗaura a ƙugiyar da ke haɗe da ƙashin motar, a jefa bargo ko darduma a tsakiyar igiyar don ya kashe ƙarfinta idan ta tsinke, kowa ya matsa nesa. Igiya kuwa ba ta da amfani in babu mota ta biyu, saboda haka ku nemi wani abokin mai irin motar ku tafi tare.

Kada ku shiga kowace gaɓa ba tare da izini ba. Yawancin wuraren da ke wannan yanki suna hannun ƙauyuka ne ko 'yan kasuwa masu karɓar kuɗin shiga, kuma ba ko'ina ake barin mota ta sauka rairayi ba. Ku gaida masu ƙofa, in ƙauye ne ku nemi Baale, wato sarkin ƙauyen, ko wakilinsa, ku tambayi masunta inda yashi ke da ƙarfi da inda rafi ke shiga teku, domin bakin rafi a damina yakan ɓoye laka mai haɗiye taya, kuma ku kula da igiyoyin taru da suke shimfiɗawa a ƙetaren gaɓa. Da ɗan gari akan ci gari. Ku gaya wa wani a gida inda za ku da lokacin dawowa, ku riƙe lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767, amma ku sani waya takan rasa sabis a wasu wuraren. Idan kun yada zango, a ajiye motar sama da layin ciyayin ruwa da tarkacen da teku ya watso, wanda shi ne shaidar iyakar da ruwa ya kai, kanta yana kallon hanyar fita. Da kun dawo gari, a ranar a kai ta wanki a feshe ƙarƙashinta da birkinta da ruwan daɗi sosai, domin gishiri yana fara cin ƙarfe tun a daren.

Ra'ayina shi ne, in za ku iya ɗaga tafiyar zuwa Nuwamba ko Fabrairu a ranar aiki, za ku samu shirun da kuke nema tare da teku mai sauƙin kai. Idan kuma dole sai Yuli, ku ajiye motar a ƙasa mai tauri, ku shida ku ɗauki kayanku ku taka 'yan mitoci ɗari da ƙafa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni da ƙawayena muna shirin zuwa bakin teku a kan hanyar masunta da ke tsakanin Kwatano da Wida, da yaranmu, a ranar da babu jama'a. Wane abinci ya fi dacewa mu ɗauka, kuma yaya za mu yi da yaran, tunda sun matsa sai sun shiga ruwa? Daga wata Hajiya a Zangon Kwatano.

Amsa: Barka kadai, Hajiya. Zan fara da yaran, domin su ne suka fi abincin muhimmanci. Gaɓar Jamhuriyar Binin irin ta Legas ce, mai gangare da igiya mai ƙarfi, kuma tana da wani ruwa mai ja wanda yake cin mutane duk shekara. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, sai ya sami wata siririyar hanya ya bi ta da gudu zuwa cikin teku, gudun da a wasu lokuta yakan wuce mita 2 a daƙiƙa, wanda ko gwanin ninkaya ba ya iya cin ƙarfinsa. Abin da ya sa yake yaudarar mutane shi ne wurin yakan yi kama da inda ya fi kwanciya, babu farin kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu ko ya gauraye da yashi, sai uwa ta ce wa ɗanta ya je can ya yi wasa. Iya iyo a kududdufi ko a dam ba ya taimako a nan. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi don komawa gaɓa kai tsaye, ya kwanta rigingine ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, in yana da ƙarfi ya yi iyo a gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga hanyar. Wanda ke tudu kuwa ya jefa masa abin da ke tasowa a ruwa, kamar jarka rufaffiya ko murfin kula, ya yi kururuwar neman masunta, kada ya bi shi. A ranar da babu masu ceto, shawarata ita ce yaran kada su wuce inda ruwa ke taɓa idon sawu, kowane ƙarami yana riƙe da hannun babba, kada kowa ya juya wa teku baya, kuma ku raba aikin kallo a tsakaninku ta yadda a kowane lokaci akwai mace guda da ba ta hira, ba ta duba waya. Ki tuna kuma zane da hijabi idan suka jiƙe suna nauyi, suna kuma naɗe ƙafa.

Game da abinci, ƙa'idar masana ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje ba tare da sanyi ba, idan kuma zafi ya haura digiri 32 to awa 1 ne. Dafaffiyar shinkafa tana cikin waɗanda suka fi saurin ɓata ciki ko da ba ta yi wari ba, haka alale da duk abin da aka sa wa mayonis, kunun aya kuwa kin fi ni sanin saurin tsaminsa. Kakanninmu fatake sun riga sun warware wannan matsala: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, gurasa da soyayyar gyaɗa ba sa tsoron rana. Idan da shinkafa za ku tafi, ta zama ita ce abin da za a fara ci da isa. Ɗanyen naman gashi a sa shi a kula dabam da ta abin sha, kuma maimakon ƙanƙarar da za ta narke ta jiƙa komai, a daskarar da ruwan gora tun dare, ya sanyaya kayan, in ya narke a sha.

Iska a bakin teku ba ta tsayawa, saboda haka kwano mai murfi ya fi faranti, kuma a kafa murhun gawayi a bayan wani abin da zai tare iska, nesa da tabarmar yara. Idan an gama a kashe garwashin da ruwa har ya daina huci. Binne shi a yashi ba ya kashe shi, yakan riƙe zafi na awoyi, yaro ko masunci ya zo ya taka. Kada ku shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin kwakwa mai 'ya'ya, kuma da kun ji tsawa ku koma cikin mota ku rufe gilashi, kada ku fito sai an yi minti 30 ba a ƙara jin ta ba. Duk ledar da kuka kai ku dawo da ita gida.

Tambaya: Malam, mun je Ada Foah a watan Nuwamba muna so mu bi bakin teku da mota da daddare, sai mutanen wurin suka hana mu, wai saboda kunkuru. Shin da gaske mota tana cutar da su, ko dai hanyar hana baƙo ce kawai? Daga mai karatu a Nima, Akra.

Amsa: Gaskiya suka faɗa maka, ɗan'uwa, kuma na ji daɗi da suka hana. Ada Foah tana ƙasar Gana, a bakin da kogin Volta ke shiga teku, kusa da tafkin Songor wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren kare halittu a 2011, kuma gaɓar wurin tana cikin inda kunkurun teku ke fitowa saka ƙwai, musamman daga wajen Oktoba zuwa Maris. A cikinsu akwai wani babba mai baya kamar fata wanda nauyinsa kan kai kilo 300 zuwa 500. Macen takan fito da dare ta haura sama da iyakar ruwa, ta tona rami da ƙafafunta na baya, ta saka ƙwai wajen 100, ta rufe ta koma, sai zafin yashi ya ƙyanƙyashe su bayan kimanin wata biyu. Dokar Gana ta daɗe da haramta kama su ko kwashe ƙwansu.

Mota tana yi musu ɓarna ta fuskoki da dama. Nauyinta yana fasa ƙwan ko ya danne yashin har 'ya'yan su kasa tonowa, fitilarta tana korar uwar ta koma ruwa ba ta saka ba, kuma 'ya'yan, waɗanda hasken sararin teku suke bi idan sun fito, sukan juya su bi fitila su nufi tudu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne sawun taya. Ɗan kunkurun bai kai tafin hannu ba, ramin da taya ta bari a yashi a wurinsa kwazazzabo ne, idan ya faɗa sai ya bi shi a tsaye maimakon ya haura, ya yi ta tafiya a gefen tekun da ba zai kai gare shi ba har gari ya waye, ƙaguwa ko tsuntsu ya ɗauke shi. Ko babu mota, masana sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya ne cikin dubu yake kai girma. Irin wannan ɓarna ga tsuntsaye da kunkuru da tuddan yashi ce ta sa Afirka ta Kudu ta kafa dokar hana yawon mota a gaɓarta a ƙarshen 2001, sai ga mai lasisi na musamman. Wannan ya shafi mai tambayar farko ma, domin kunkuru yana fitowa a gaɓar Legas: a inda aka yarda da mota, a tuƙa da rana kawai, kada a hau busasshen yashin sama sai a mashigar da aka saba bi. Idan ka koma Ada, ka nemi jami'an kula da namun daji na wurin, sukan raka baƙi da ƙafa cikin dare su ga yadda uwar ke saka ƙwai.

Tambaya: Malam, idan ruwan da muka tafi da shi ya ƙare, ya halatta mu yi alwala da ruwan teku duk da gishirinsa? Kuma yaya za mu gane alƙibla? Daga mai karatu a Badagry.

Amsa: Ya halatta, ɗan'uwa, ba ma sai ruwanku ya ƙare ba. An tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da masu shiga teku da ɗan ruwan sha kaɗan, ya amsa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne, kuma Imam Malik ya kawo hadisin a cikin Muwaɗɗa daga Abu Huraira. Don haka ku adana ruwan daɗi don sha da lagireton mota. Sai dai ku ɗebo a buta ku hau tudu ku yi alwalar, kada mutum ya tsuguna a bakin igiya yana sunkuye, kuma ku shimfiɗa darduma sama da iyakar ruwa. Alƙibla daga yankin Legas tana wajen digiri 63 daga arewa ta ɓangaren gabas. Da yake gaɓarku kudu take kallo, ka tsaya teku yana hannun damanka, kana fuskantar gabas ke nan, sannan ka karkata hagu da kimanin kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin gabas da arewa.